Sarkin Kiyashi na Makera

Ɗazu na ajiye kofin shayi a ƙasa, kafin in waiwayo kiyashi sun yi masa layi. Jikata ta ɗauko tsintsiya, na ce, "Kul! Likita ne, ki girmama shi."

Ni dai a aji uku muka yi sallama da boko, amma ku saurara. A Makera muke, lokacin ana ginin masaƙar Kakuri, Babanmu yana aikin reluwe. Innarmu na da ciki. Kafin wannan ta haifi biyu, ƙatti kamar 'yan wata uku, babu wanda ya yi kuka. Ga ƙishirwa, randa guda ba ta isarta. A asibitin ƙetaren gada aka ce ciwon sukari ne: a bar zaƙi, a rage tuwo, in ba haka ba wannan ma zai bi 'yan'uwansa.

Babanmu, mutumin da ke shan sukari da ɗan shayi a ciki, ya dawo ya miƙa wa maƙwabta kwalin sukarinsa. Ya ce wa Inna, "In ke ba ki sha, ni ma na bari." Matar maƙwabcinmu, mutuniyar Kagoro, ta koya wa Inna faten acca da ganye. Kwano ɗaya Inna da Babanmu suke ci, yana yamutsa fuska yana cewa, "Kai, daɗi!"

Inna ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah."

Asibiti da nisa, sai ya ƙirƙiro nasa awon. Kullum da safe ya ɗauki gwangwanin fitsarinta ya kai bayan ɗaki, ya tsuguna yana jira. In kiyashi sun taru, ranar babu fura, da la'asar kuma su taka tare har bakin kogi. Abokan aikinsa suka naɗa shi Sarkin Kiyashi. Kakarmu ta rantse an shanye mata ɗa. Bai fasa ba.

Wata safiya cikin damina muka ji shi yana kabbara. Kiyashi sun zo, sun shinshina, sun wuce abinsu.

Ranar haihuwa muna barandar asibiti sai kuka ya tashi, mai ƙarfi. Babanmu ya zauna daɓas a ƙasa yana goge ido da hula, wai hayaƙin jirgi ne ya shige masa.

Mai kukan nan ita ce ƙanwata. Yau ta tsufa, ciwon ya kama ta, tana da ɗan inji mai huda yatsa. Mijinta kuwa na gefenta yana kwankwaɗar lemon kwalba. Injin ya fi kiyashi, ban musa ba. Mai tsugunawar ne ya yi wuya.