Filashi Biyu Daga Sabon Gari

Daura

Mun bar gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Maigidana ya kai ni tasha a bayan babur, na rungume jakar kyamara a ƙirji. Goggo Talatu, ƙanwar mahaifina, ta riga mu isa har ta kama mana wuri. Ita sarin atamfa ne ke kai ta Kano, shi ya sa hankalinsa ya kwanta da in bi ta.

Sana'ata ɗaukar hoton biki. Tun da aka raba taron mata da na maza a bukukuwan garinmu, gidaje da yawa suka daina barin namiji ya shiga ciki da kyamara, sai aiki ya buɗe mini. Amma aikin cikin gida aikin duhu ne: ɗaki mai taga ɗaya, mata cike, wutar lantarki ba tabbas. In babu filashi, wato fitilar da ake ɗorawa a kan kyamara, babu hoto. Nawa kuwa ya ƙone ana tsakiyar wani suna, ga shi na riga na yi wa wata Hajiya Binta a Zango alkawarin ɗaukar hoton kamun 'yarta ranar Juma'a. Malam Haruna, wanda ya koya mini aikin, da na je sallama sai ya ja mini kunne: kada in ɗora wa kyamarata abin da ba kamfaninta ya yi ba.

Kazaure

Damina ta yi kyau, gero ya yi kore shar hagu da dama. Muna fita Daura kaɗan 'yan kwastan suka tsayar da mu. Ɗayansu ya ce in buɗe jaka, da ya ga kyamara sai ya gyara hula ya ce ko zan fara da shi. Aka yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

A Kazaure direba ya tsaya shan mai, muka sayi dafaffen ƙwai da gyaɗa. Goggo ba ta iya riƙe magana, kafin mu kai Dambatta duk motar ta san abin da zan je saye da abin da malamina ya ce. Direban ya dube ni ta madubi.

"Hajiya, motar nan in kika cire lamba, babu abin da ya rage na kamfaninta. Ga shi kuma muna tafiya."

"Shi ya sa ƙofar nan ba ta rufuwa," in ji Goggo.

Kano

Hantsi ya ɗaga muka sauka a Ƙofar Ruwa, adaidaita ya kai mu Sabon Gari. Shagon farko babba ne, ga sanyi, kaya jere cikin gilashi. Yaron shago ya ciro mini filashin kamfanin kyamarata. Abu ne mai kyau, yana da nauyi a hannu. Da ya faɗi kuɗinsa na mayar masa a hankali. Duk abin da na taho da shi zai cinye, har in ari na mota wurin Goggo. Ni kuwa ina son in ƙara da idon kyamara, gilashin gaban nan da ake murɗawa a canza, irin mai shan haske sosai.

Muka fito ban sayi komai ba. Goggo ta ce ita ba ta taɓa saye a shagon farko ba tun da take. Muka yi ta kutsawa har muka hau wani bene, inda muka sami ƙaramin shagon wani Inyamuri da ake kira Oga Chidi. Hausarsa ta Kanawa ce tsaf. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye filashi biyu da ido ɗaya na wasu ƙananan kamfanoni, ya ce dukansu ba su kai kuɗin wancan guda ɗayan ba.

Abin da ya sa na zauna shi ne bai yabi kayansa ba. Ya ce filashin roba ne, in ya faɗi ya tafi. In aka matsa masa yakan yi zafi ya huta. Idon kuma yana yin ƙara idan yana neman fuska, gefen hoto bai kai na kamfani kaifi ba. Amma tsakiyar hoto, inda fuskar amarya take, ya ce in gwada in gani.

Ya buɗe mana sitonsa na baya, duhu kamar ɗakin ƙauye. Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tsaya jikin kwalaye.

"In na fito fari fat kamar fatalwa, ba ki saye," ta ce.

Na juya kan filashin ya kalli rufi, na danna. Da muka duba bayan kyamarar sai ga Goggo da baƙinta mai sheƙi, har zanen furen gyalenta ya fito. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta juya kan Oga Chidi da ciniki, ba ta sake shi ba sai da ya ƙara mana batir da caja.

Fagge

Bayan Goggo ta gama sarinta, muka sauka gidan ƙawarta a Fagge. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Kafin magariba na yi ta gwaji a kan matan gidan, nan na ga abin da aka faɗa mini: da na jera dannawa, filashin ya yi zafi ya ɗauke. Na kira Malam Haruna na gaya masa gaskiyar abin da na saya. Ya ce tunda an riga an saya, in zauna in koyi halinsa, Allah ya sa albarka. Na koya kuwa. In na ba shi numfashi tsakanin hoto da hoto, ba ya gardama.

Zango

Juma'a da sassafe muka kamo hanya. A Daura Goggo ta sauka da ƙullin atamfofinta, ni ko gida ban leƙa ba, na faɗa motar Zango. Na tarar gidan Hajiya Binta ya cika, ƙamshin turaren wuta har waje, wuta kuma an ɗauke tun safe.

Da aka zo buɗe fuskar amarya, ƙawaye suka taso, kowa na cewa a ɗauke ta. Na manta da numfashin, na yi ta dannawa. Daidai lokacin da gwaggon ango ta kama bakin mayafin, filashin ya ɗauke. Nan take na zare shi, na ɗora na biyun da ke aljihun jaka. Mayafin na sauka ina dannawa. Babu wadda ta lura sai ni da zufata.

Taro ya lafa, Hajiya Binta ta ja ni wani ɗaki a ƙuryar gida. Mahaifiyarta ce a ciki, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta daɗe ba ta fita tsakar gida. Amaryar kuwa Damagaram za a kai ta, ba a san ranar da za ta sake zuwa ba. Hajiya ta tambaye ni ko hoto zai yiwu a wannan duhu. A da, da na ce sai an fito da ita. Yanzu na murɗa sabon idon, na zaunar da amarya a bakin gado, na rage ƙarfin filashin don kada ya dami idon tsohuwar. Tsohuwar ta kama hannun jikarta mai lalle ta riƙe.

Na nuna mata hoton. Ta kawo kyamarar dab da idonta.

"Wannan tsohuwar ni ce?" ta ce. "To, a wanke biyu. Ɗaya ta tafi da shi, kada ta manta kamannina."

Amarya ta kifa kai a cinyarta. Na fita na ba su wuri.

Gida

Ana kiran magariba na sauka a Daura. Maigidana na jira a tasha, ya karɓi jakar, ya tambaye ni yaya kayan. Na ce suna da halinsu, amma mun fahimci juna.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Goggo Talatu da bakinta, da mutanen Fagge da tuwonsu, da Oga Chidi da ya faɗa mini aibin kayansa kafin in biya. Hoton tsohuwar na wanke uku. Na ukun yana bangon ɗakina.