Tattakin Alhaji Ɗan'azumi

Alhaji Ɗan'azumi takalma yake sayarwa a kasuwar Marché Central, amma shi kansa bai taɓa cinye dunduniyar ko ɗaya ba. Daga ƙofar gidansa a unguwar New Bell babur ke ɗaukarsa, babur ke dawo da shi. Yakan shafa tumbinsa ya ce wannan ne kaɗai ginin da ya kammala a Douala.

Shekarar korona aka gwada jininsa, aka ce ciwon suga bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Zuwa asibiti ya yi wuya a lokacin, sai aka haɗa shi da wata nas, Naja'atu, mai kiransa a waya. Bai taɓa ganin fuskarta ba, amma tsoronta yake ji fiye da na 'yan kwastan. Ta ce ya rage fanke, ya daina mai da shayi kamar zuma, ya riƙa zuwa kasuwa a ƙafa.

Ya fito da babbar rigarsa yana tafe yana haki. Ai kuwa unguwa ta ɗauka. Alhaji guda a ƙafa! Masu babur suka riƙa tsayawa suna roƙonsa ya hau kyauta. Kafin azahar labari ya kai har unguwar Kassalafam cewa korona ta karya Ɗan'azumi. Maƙwabcinsa Isma'il, mutumin kirki, bai tambaye shi komai ba, don ba a tona asirin babba. Sai dai kullum ga tire daga gidansa, shinkafa da mai, fanke a gefe. Wasu gidajen ma suka bi sahu.

To, wa ke mai da abincin maƙwabci? Ɗan'azumi ya zauna ya kare mutuncin unguwa har ƙasan kwano. Da ya hau sikelin wani kanti, ya tarar ƙiba tattakin ya ƙara masa. Shi kansa sai da ya yi wa kansa dariya.

Naja'atu ma ta yi dariya da ya ba ta labari, sannan ta tambaye shi me ya hana shi gaya musu gaskiya. Ya ce namiji ba ya tallan ciwonsa.

"Baba, akwai wanda ya taɓa yin ciwon nan a gidanku?"

Akwai kuwa. Mahaifinsa ne, shi ma ɓoyewa ya yi har aka yanke masa ƙafa. Sallar da ta biyo baya Ɗan'azumi ya kai masa takalma kamar yadda ya saba, bai tuna ba sai da ya miƙa. Ɗayan ya shekara a ƙarƙashin gado, sabo fil. Abin ya dawo masa, tsoro ya kama shi sosai.

Washegari da tiren ya iso, ya ɗauke shi da kansa ya nufi gidan Isma'il, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Isma'il ya ɓata rai, ya tambaya ko abincin ne bai yi ba.

"Ya yi, Malam Isma'il, ni ne shaida, ga tumbi. Ba karyewa na yi ba, suga ke bibiyata. Ka tuna Babana. Bibbiyu nake sayar da takalma, bibbiyu nake so in ci gaba da sawa."