Na'urar da Aminina Ya Bari a Dukawuya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kaduna, ni da wani abokina, za mu Kano ta'aziyyar amininmu. Kuɗin mota ya ƙaru, amma har yanzu mutum huɗu ake cusawa a baya. A Zariya muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance sai ka ce shi ma jinya ya yi.

Marigayin ne ya koya mana amfani da manhajar kwamfuta ta Linux, irin wanda ba a gama gwajinsa ba, kullum sabuntawa yake. Duk safiya sai ya sabunta kwamfutarsa kafin ya karya kumallo. Wani abu ya lalace, ya kai rahoto ga masu gyara, yana ta murna. Mukan ce masa mai neman wahala da kansa.

Ta Ƙofar Na'isa muka shiga gari, ɗan sahu ya sauke mu a Dukawuya, muka ƙarasa lungun a ƙafa. Bayan addu'a mahaifiyarsa ta aiko mu shigo. Ta turo mana kwamfutar.

"'Ya'yan nan, an ce akwai muryarsa a ciki, yana karatu. Ku kunna mini."

Na kunna. Komai na nan yadda ya bari, sai dai babu sauti. Sabuntawar da ya yi kafin ya kwanta ciwo ce ta kashe sautin. Abokina ya kai hannu zai sabunta, na riƙe shi. Na'urar da ta yi watanni a ajiye, in ka taɓa ta haka, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Na kwafe karatun a wayar ƙanwarsa. Hajiya ta kara wayar a kunne tana saurare. Ni kam na kasa riƙe hawaye.

 A hanyar dawowa na gane cewa ba komai ne ake sabuntawa ba.

Da na isa gida na nemo rahoton da ya kai kan sautin. Ashe sun gyara tun yana asibiti. A ƙasa wani ya rubuta masa ya gwada, ya gaya musu ko gyaran ya yi.

Na gwada a tawa. Na rubuta musu cewa ya yi, suka amsa da godiya ga marigayin.