Ƙwayar Lido a Ƙarƙashin Hula

Ni tela ne a Sabon Birni. Karatuna na boko ya tsaya a aji uku na sakandare, amma da wannan ɗan karatun na cuci ɗan kawuna, kuma abin da za ni faɗa ke nan.

Wani ma'aikacin asibiti da anka turo daga Sakkwato shi ya koya muna wasan. Mutum ɗaya ke riƙe labari, shi ke faɗin gari da hanya da abokan gaba. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a jefa ƙwayar lido a ga ko ya dace. Da anka mai da ma'aikacin garin Isa, riƙon labari ya faɗo hannuna. Ranar Juma'a bayan la'asar nakan kwashe yadi daga teburin yanka, in shimfiɗa takardar siminti wadda na zana ganuwar tsohon birnin Alƙalawa a kanta da allin ɗinki. Maɓallan riga su ne mutane.

Mu huɗu ne. Akwai malamin Islamiyya, wanda ya kafa sharaɗin da an kira magariba a tashi, shi maƙeri ne a labarin. Akwai wani ɗan kabu-kabu, shi maharbi ne. Sai taubashina, ɗan kawun nawa, mai kai kaya kasuwannin Nijar, wanda ya ɗauki madugun ayarin gishiri.

Kowace Talata nakan rubuta wa kowa takardarsa: inda anka tsaya, abin da mutuminsa ke ɗauke da shi, da abin da ke gaba. Malam haddace tasa yake yi. Ɗan kabu-kabu yakan karanta a bakin tasha yana jiran fasinja. Taubashina kuwa sai ya shigo yana kakkaɓe riga.

"Bawana, yau ina muke?"

"Ina takardar da na ba ka?"

"Kilishi na ƙunshe da ita a Madawa. Wallahi ta yi amfani, Allah shi saka."

Bai san raƙuma nawa ke gare shi ba, wani lokaci har sunan madugun sai an tuna masa. Amma da ya buɗe baki shi ke nan. Na taɓa yin kwana huɗu ina shirya wani mugun mai gadin ƙofa wanda ba a wuce shi sai da faɗa. Taubashina ya tsaya gabansa yana lallashinsa kamar yadda yake lallashin ɗan duwan, wato kwastan na Nijar, a kan iyaka, yana kiransa "patoro", wato maigida, yana tambayar lafiyar iyali, har ya yi masa tayin auren raƙumarsa. Malam ya yi dariya sai da ya cire tabarau. Maƙwabta sunka fara tsayawa a ƙofar shago don su ji shi. Washegari a kasuwa sai ka ji ana labarin abin da madugu ya yi jiya. Wanda ya gina ƙofar da mai gadinta, ba mai tambaya.

Na san boko na yi masa wuya, allo kawai ya yi. Da na so, da na aika masa saƙon murya a waya ya saurara a mota. Ban yi ba. Sai ma na ƙara tsawon takardarsa, na ƙanƙanta rubutun, don nan kaɗai na fi shi.

A ƙa'idar wasan akwai jifan da mai labari ke yi a ɓoye. Ni a ƙarƙashin hulata nake yi, in leƙa ni kaɗai. Wata Juma'a ayari ya iso gulbi ya cika ya tumbatsa. Dama na rubuta a takardar kowa cewa a sayi igiya kafin a bar gari. Malam da maharbi sunka ƙetare da igiyarsu.

"Kai fa madugu?"

"Ni? Wutsiyar raƙumi za ni kama. In ta ja ni, to. In ta yi mini wani abu a fuska, shi ma ruwa ne."

Shago ya ɗauki dariya har da na bakin ƙofa. Na jefa, na rufe, na leƙa. Shida ce, wato ya ƙetare lafiya.

"Ɗaya," na ce. "Ruwa ya ci madugu."

Na ɗauke maɓallinsa na jefa a gwangwani. Malam ya ce, "Tela, ba wata dabara?" Na ce wanda ya karanta takarda ya san da zancen igiya. Taubashina ya ɗan yi murmushi, ya zauna yana kallon wasan har magariba.

Juma'ar gaba ya zo da takardarsa a ninke cikin aljihu, ya ɗauki sabon mutum, wani dogari. Duk tambayar da na yi sai ya duƙa kan takardar yana bin layi da yatsa. "Mashi ɗaya gare ni. An yarda in jefa?" Ba raha, ba tsokana. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji daɗi. Mako na biyu ba kowa a ƙofar shago. Na uku bai zo ba.

Na yi wata guda abin na cina, sannan na same shi da hantsi yana ɗaure kaya a mota. Na ce masa ranar gulbin nan shida ce ta fito.

Ya saki igiyar. "Shida?"

"Shida."

"Ke nan ya ƙetare."

"Ya ƙetare. Ka yafe mini."

Ya ce, "Kwana biyu na zauna gaban ɗiyata tana karanta mini takardarka, ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. Mi na yi maka?"

Bai yi mini komai ba.

Ya ce ya yafe, amma bai ƙara zama a teburina ba. Bayan damina ya fara riƙe nasa labarin a zaurensa, ba takarda, ba zane, yana ƙirƙirowa nan take. Malam ya koma can, ɗan kabu-kabu ya bi. Ni ma ina zuwa, ya ba ni wuri kusa da ƙofa, kuma ya koma kirana bawansa. Yakan manta sunan garin da ya faɗa makon jiya, ni nake tuna masa. Idan zauren ya ɗauki dariya, har yanzu sai na ji ƙyashin nan ya taso mini. Sai in yi istigfari a zuci, in jira a zo kaina.