Mai Soke Dariya

Yana zaune a bencin mai shayi a Gawon Nama, furfura ta fara taɓa shi, aljihun kaftaninsa mai tsada ya sha tawada. Sabuwar fijo na gefen titi, makullinta na kusa da kofinsa. Lawali mai shayi na kiransa Malam Arzika. Shi ne, in ji Lawali, ke rubuta wasan barkwancin talabijin da unguwa ke cika tsakar gida ɗaya don ta kalla.

Ba ka ganin alamar raha a fuskarsa. Yana karanta wa Lawali wani ɗan zance daga takardarsa, na wani kofur da ya sa jaki tsallen kwaɗo don bai sara masa ba. Lawali na dariya har madara na zuba. Malam Arzika ba ya taya shi. Kallon dariyar yake kamar mai ganin wuta kusa da rumbu. Sai ya waiga titi, ya ja biro ya soke zancen.

"Don mi kas soke shi, Malam? Ai shi ya hi daɗi."

"Shi ya sa," in ji shi.

Wataƙila motar da gidan da yake ciki duk na wurin aiki ne, ga yara a makaranta. Wataƙila an taɓa kiransa bariki ya sha tambayoyi. Ya juya takarda, ya fara rubuta yadda wani baƙauye ya faɗo daga kan keke.