Ranar da Dodo Kafinta Ya Auna Saniya

Shekara da shekaru rumfata tana jingine da shagon Dodo kafinta a bakin kasuwar Filinge. Ni Kailu tela ina taka keke, shi yana jan zarto, garin katakonsa yana sauka a kan yadin mutane. In na yi magana ya ce ado yake ƙara mini kyauta. Ban taɓa zama da mutum mai kaifin baki irinsa ba, kuma har yau ban daina kewarsa ba.

Dodo ya koyi aiki ne a hannun wani Bature a gidan kwamanda, mai mulkin gari na zamanin Turawa. Da aka samu 'yancin kai Baturen ya koma ƙasarsu, akwatin kayan aikinsa ya rage a hannun Dodo. Shi ya ce kyauta aka ba shi, mutanen gari suka ce mantuwa aka yi. Ko ma dai wanne ne, tun daga lokacin bencin lakwal, wato makarantar boko, da tagar ofis daga Filinge har Abala duk aikin hannunsa ne.

Abu guda ke cin ransa: ba shi da wanda zai gaji akwatin nan. 'Ya'yansa duk mata ne, suna ɗakunan mazajensu. Duk wanda aka kawo masa koyo kuwa ba ya daɗewa yake gudu, don Dodo ba ya bayani. Shi ya yi aiki, kai ka kalla. In ka yi tambaya ya ce idon naka na kallon 'yan fura ne? Yakan shafa akwatin ya ce mini, "Kailu, ran da na mutu, Kubura musanya za ta yi da kayan ga a ba ta ƙorai." Kubura matarsa ce, kuma ba ta taɓa musa zancen ba.

Sai aka yi babban farin nan da shanu suka zube a daji. Makiyaya suka gangaro suka kafa bukkoki a bayan gari suna jiran dawar taimako. Wani furoje, irin shirin nan na masu ba da agaji, ya ce a koya musu sana'a. Ma'aikacinsa, Mushe Haruna (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci), ya sauke katako daga Yamai a ƙofar Dodo, ya kawo masa ɗalibai uku, ya ce a yi wa lakwal benci. Biyu Fulani ne, Bubakar da Sambo. Na ukun Isufu ne, manomi daga Sanam, wanda bai ɓoye wa kowa ba cewa dawar da ake ba ɗalibai ta kawo shi.

Na ajiye ɗinki na sha kallo. Ran farko Isufu ya daki yatsansa da guduma, ya naɗe shi da tsumma, daga nan ya zama mai ba da shawara. Bubakar kuwa in an miƙa masa katako sai ya saɓa shi a wuya ya rataya hannuwa, kamar zai kora garke. Ga kunyar Fulani: Dodo ya gama aiki fuu ya ce, "Kun gane?" su ce, "Mun gane, Baba." Bencin Bubakar na farko ƙafa ɗaya ta gaza. Ya ji nauyin tambaya, ya rage sauran ukun. Wata ta sake gazawa, ya sake ragewa. Kafin la'asar abin ya koma allon da za a iya yanka albasa a kai.

Da rana Kubura ta kawo tuwo su ce sun ƙoshi, alhali kukan cikinsu yana fin ƙarar kekena. Da Dodo ya gane ba za su ci a gabansa ba, sai ya riƙa ajiye kwano ya shigo rumfata wai yana da faɗa da ni. Kuma faɗan yake yi da gaske, har sai ya ji an suɗe kwano.

Sambo ne ya fita daban. Ba ya magana, amma kafin ya sa zarto sai ya shafa katako da tafin hannu yadda ake shafa bayan saniya, ya gane inda itacen yake so a bi da shi. Abin da ya gani sau ɗaya ya riƙe ke nan. Wata rana Dodo ya sunkuyo kunnena yana rawar murya.

"Kailu, na samu magaji. Kak ka hwaɗa mishi, kainai shi kumbura."

Matsalar ita ce Sambo ba ya zuwa sai rana ta take, jikinsa sharkaf da gumi. A tambaye shi, ya ce lafiya lau. Dodo ya yi faɗa, ya yi barazanar kora, ya yi gaba da shi, duk a banza. Ran nan da safe ya fizge ni daga kan keke, wai in zo in zama shaida ya kama malalaci yana barci.

A bayan bukkarsa muka same shi, shi da matarsa Jummai. Sun zura gungume a ƙarƙashin cikin wata jar saniya suna ta nishi su ɗaga ta. Ƙashi da fata ce kawai. Ita kaɗai ta rage daga garken da ubansa ya bar masa. Saniyar da yunwa ta kwantar, in ba a tayar da ita kullum ba, ba ta daɗewa. Su biyu suke wannan fama kowace safiya, kafin azahar ta sake zubewa, kuma kunya ta hana shi neman hannu. Dodo ya buɗe baki zai yi faɗan da ya ƙunso, ya rufe, ya tattare riga ya kama gungumen.

A hanyar komawa na gaya masa gaskiya. Na ce, "Dodo, ka dai sani. In saniyar ga ta mutu, Sambo naka na har abada. In ta tashi, bayanta za shi bi."

Ya ce, "Wa yat tambaye ka? Tela da sanin shanu!"

Washegari ya ɗora katakon furoje a amalanke, ya kora ɗalibansa, aji ya koma bayan gari. Ya zaro metir zai auna saniya, Jummai ta yi tsalle ta shiga tsakani.

"Baba, don Allah a'a! Gawa aka yi ma awo!"

"Ke ɗiyata, ni ba likkahwani za ni yi mata ba. Ga mai likkahwani nan tsaye," ya nuna ni.

Ta ƙi fur. A ƙarshe aka daidaita: Sambo ya zagaya saniyar da igiya kamar zai ɗaure ta, Dodo ya koma bayan bukka ya auna igiyar a ɓoye.

A wurin nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba: Dodo yana bayani. Tun safe har yamma bakinsa bai huta ba. Ga inda za a kafa dirkoki huɗu, ga yadda ake fafe rami a wannan itace a fiƙe bakin wancan a zura, ba ƙusa ko ɗaya kada ta ji wa dabba ciwo. Bubakar ya yi tambaya har sau uku ba a zage shi ba, dirkarsa kuma ta fito daidai da 'yan'uwanta. Isufu ya manta da yatsansa. Ni aka ɗora wa ɗinka buhunan dawa su zama majanyin da zai tallafi cikinta, ladan da aka ba ni shi ne an ce ɗinkina ya karkace.

Aka ɗaga ta aka rataye, ƙafafunta na taɓa ƙasa, nauyinta na kan katako. Sambo yana kaɗo mata 'ya'yan gawo, Kubura tana aiko dusa. Ran kasuwa mutane suka yi ta tururuwa su ga kujerar da Dodo ya yi wa saniya. Mushe Haruna ya zo neman benci, aka kai shi ya gani, ya dafe kai ya juya ya tafi. Furoje bai sake aiko katako ko ɗalibi ba.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, saniya ta yi kumari. Sambo ya ce a kwance ta. Dodo ya ce tukuna, ƙafar baya ba ta yi ƙwari ba. Da aka sake tambaya ya ce hadari ya haɗo. Daga baya ya ce ranar ba ta da sa'a. Kowa ya ɗauka tsantseni ne, ni kaɗai na san abin da yake ja wa lokaci, kuma ya ba ni tausayi. Da dalilai suka ƙare, shi da hannunsa ya kwance majanyin. Ta yi rawa, ta yi tangaɗi, ta ɗaga ƙafa ta fito daga tsakanin dirkoki, ta nufi ciyawa ba ta ko waiwayi wanda ya yi mata aiki ba.

Ba a jima ba Sambo ya zo shago da sandarsa a kafaɗa. Dodo ya jawo akwatin ya buɗe a gabansa.

"Duba nan. Ba ni da ɗa namiji. In ka zauna, duk naka na, har shagon."

Sambo ya ce, "Baba, saniyar ubana ta. Ba ta iya zaman gari. Gobe za mu yi arewa."

Dodo ya zazzage masa ruwan faɗa, ya kira shi butulu, ya ce dama hannunsa na hagu ya fi Sambo iya aiki. Sannan ya raka shi har ƙarshen kasuwa yana ci gaba da faɗan.

Da ya dawo bai shiga shagonsa ba. Ya zo ya zauna a kan tabarmata. Can ya ce, "Kailu, da na bar ta tam mutu, da yanzu ina da magaji."

Na ce, "To, ka yi nadama ke nan?"

Ya harare ni, idonsa cike da ƙwalla.

"Kai dai ba ka da hankali. Ba ka ga yadda tat taka ba?"