Taragun Malam Gwadabe

Ni Sulle, sana'ata yanka gwangwani ina yin fitilar aci-balbal a bakin kasuwar Rogo, kuma ban taɓa jin tausayin gwangwani ba sai a kan Malam Gwadabe, Allah ya ji ƙansa.

Maƙwabcina ne. Ƙuruciyarsa duk a Reluwe ta ƙare, tsakanin Zariya da Funtuwa, yana haɗa taragun kaya yana raba su. Da ya yi ritaya a farkon shekarun tamanin, ya dawo garinmu da ko ƙarfen dogo babu. Ya kama gona kamar kowa, amma rannan sai ga shi a rumfata, wai in liƙa masa marfin kwalba huɗu a jikin gwangwanin madara. Na ce, "Malam, jika aka yi maka ban ji ba?" Ko murmushi bai yi ba.

Ranar da na shiga zaurensa sai da na riƙe baki. Mutumin nan ya shimfiɗa layin dogo a kan katako da wayoyin ƙafar keke, ya zagaye bango da shi. Ga tashar Zariya, ga Funtuwa, ga Gusau can wajen ƙofa. Ashe gwangwanayen madara su ne taragu, marafan kwalba kuma ƙafafunsu. Kan jirgin kuwa da injin tsohuwar rediyon kaset yake tafiya, da batir. Ikon Allah!

Kuma kada ka kuskura ka ce wasa ne. Bayan la'asar zai sa hularsa ta aiki ya yi lodi na gaske: gyaɗa, auduga, gishiri, har kananzir. Taragon da za a fara saukewa shi ke kusa da kan jirgi. Wanda aka kwashe kayansa sai an nema masa lodin komawa. Jirgi ba ya barin tasha sai an ba direba sandar hanya, wani ɗan tsinken ƙarfe, shaidar babu wani jirgi a gaba. Wata rana na ga yana ta gaba da baya, yana sauya layi don ya fito da tarago guda daga tsakiya, sai na kai hannu na ɗauke masa shi. Wallahi tun rasuwar babana ba a daka mini tsawa irin ta ranar ba.

"A Reluwe ka taɓa ganin hannu ya sauko daga sama ya ɗauki tarago? Mayar da shi!"

Na mayar.

Gari fa ya samu abin faɗa, wai Reluwe ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shi ko a jikinsa. Sai da ɗansa tilo, Lukumanu, malamin firamare a Karaye, ya ga Zaituna 'yar garin Yammedi yana so. Baffanta Alhaji Dabo, wanda zai ba da aurenta, ya aiko cewa da kansa zai zo ya ga gidan, don ya ji an ce uban yaron da gwangwani yake hira. Ka san binciken aure a wajenmu. A yafe maka talauci, amma ba a kai 'ya gidan da ake zargin taɓin hankali.

Lukumanu bai ce wa ubansa uffan ba, sai rama da yake ta yi. A bakin masallaci Gwadabe ya ji zancen.

Da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da hular aiki, ba lokacinta ba. Ya tashi jirgi, ya kai kowane kaya tasharsa, ya sauke, ya tattaro taragu babu komai a ciki ya dawo da su Zariya, ya busa usur. Sannan, innalillahi, ya sa hannu shi da kansa ya dinga ɗaukar su yana zubawa a buhu. Ya ɗauko filaya ya hau ɓamɓare layin.

"Ka yi fitilu da su, Sulle."

"Haba Malam! A ɓoye su a ɗakina mana, baƙo ya tafi a mayar."

"In ɓoye, sannan in zauna gaban surukina ina yi masa ƙarya? In ya tambaye ni zan ce babu, kuma babun ce."

Ya biyo ni har rumfa, ya tsaya a kaina sai da na fara yankawa. Ni da na tashi da almakashin nan tun ina yaro, ranar ƙin zama ya yi a hannuna. Haushi nake ji, na rasa wa zan zaga.

Ranar kasuwa Alhaji Dabo ya iso. Ya sami zaure a share, tabarma da buta. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da mutanen Yammedi. Can ya gyara murya ya ce, "Malam, an ce kana da jirgi." Gwadabe ya ce, "Babu, Alhaji." Baƙo ya dubi bango, ya dubi dattijon da ke zaune a nutse, ya ce mutane dai ba su da tsoron Allah, a turo manya a sa rana.

Gwadabe ya rako shi tashar mota, suka biyo ta gaban rumfata. Alhaji ya tsaya ya ɗauki fitila guda yana jujjuyawa. Taragon kananzir ne, ga "Funtuwa" da farin fenti a gefe, na manta ban kankare ba.

"Mai fitila, wannan rubutun fa?"

Kafin in amsa, Gwadabe ya karɓi fitilar, ya shafa rubutun da babban yatsa, ya miƙa masa.

"Gwangwani ne kawai, Alhaji. Saya, ba ta yoyo."

Na naɗe masa ita a takarda, ban iya ɗaga kai ba.